Kirista Mai Son Karanta Aikin Jin Daɗin Jama'a: Jami'ar Coci, Jami'ar Gwamnati, Ko Makarantar Tauhidi?

Matashi Kirista da ke jin an kira shi ya yi wa marayu, fursunoni, marasa lafiya ko iyalan da suka wargaje hidima yakan tarar da ƙofofi uku a gabansa. Akwai jami'ar da wata ikkilisiya ta kafa, wadda ke koyar da aikin jin daɗin jama'a tana haɗa shi da bangaskiya. Akwai jami'ar gwamnati, ko wata mai zaman kanta da ba ruwanta da addini. Sai makarantar tauhidi, inda ake horar da fastoci da masu ba da shawara a cikin ikkilisiya. Daga nesa kamar duk hanya ɗaya suke bi, tunda kowacce maganar taimakon mutane take yi. Amma takardar da za ka fito da ita, da aikin da za ta ba ka damar yi, sun sha bamban, kuma da yawa ba sa farga sai sun ci shekara uku ko huɗu a ciki.

Kafin ka tambayi ko malaman suna buɗe darasi da addu'a, tambayi ko hukumar da ke tsaron ƙofar wannan sana'a ta amince da kwas ɗin. A ƙasashe da dama sana'ar tana da irin wannan hukuma, kamar yadda aikin jinya da aikin lauya suke da tasu. A Amurka majalisar da ke kula da koyar da wannan sana'a, wato CSWE, wadda aka kafa a 1952, ita ce ke tantance kwasa-kwasan, kuma ta gindaya cewa ɗalibin digiri na farko sai ya yi aƙalla awa 400 na horon sanin makamar aiki, na digiri na biyu kuma awa 900. Yawancin jihohin ƙasar ba sa ba da lasisi sai ga wanda ya fito daga kwas ɗin da ta sa wa hannu. A Ingila doka ce ta kare sunan sana'ar, ba mai kiran kansa da shi sai ya yi rajista da hukumar Social Work England, wadda ta karɓi ragama a watan Disambar 2019. Can kwana 200 na horo ake nema, galibi zango ɗaya na kwana 70, wani na kwana 100, sai kwana 30 na koyon dabarun aiki. A Afirka ta Kudu digirin shekara huɗu ne, kuma akwai majalisar rajista da hatta ɗalibai suke shiga kundinta.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ƙananan kwalejojin coci sukan ba da digiri mai suna kamar "hidimar al'umma" ko "ba da shawara ta Kirista", sunan ya yi kama da abin da kake nema, darussan ma su yi kyau, amma hukuma ba ta san da shi ba. Kada ka dogara da takardar tallar makaranta. Shiga shafin hukumar da kanka, ka nemi sunan kwas ɗin daidai yadda yake, da harabar da ake koyar da shi, domin amincewa kan kwas take sauka, ba kan jami'ar gaba ɗaya ba. Idan aka ce maka "muna kan hanyar samun amincewa", to ka san caca ce: in an ba su, ka tsira, in ba a ba su ba, kai ne a ƙasa.

Wannan sharaɗi yana da wani sakamako da ya kamata ya kwantar maka da hankali. Tunda hukuma ɗaya ce ke duba kowa, jigon karatun iri ɗaya ne a jami'ar coci da ta gwamnati: yadda ɗan'adam ke girma daga jarirta zuwa tsufa, manufofin gwamnati kan walwalar jama'a, dokokin kare yara da manya masu rauni, hanyoyin bincike, aiki da mutum ɗaya, da iyali, da rukuni, da unguwa gaba ɗaya, sai ƙa'idodin ɗa'a na sana'a. Babu wani aikin jin daɗin jama'a na daban da ake ɓoye wa Kiristoci. Bambancin yana cikin 'yan darussa na musamman, da irin malaman, da wuraren da za a tura ka horo, da mutanen da za ka zauna da su a aji.

Abin da jami'ar coci ke ƙarawa

Idan ta yi aikinta da kyau, jami'ar coci tana nuna maka cewa kai ba baƙo ba ne a wannan gida. Thomas Chalmers, fasto a birnin Glasgow, ya raba yankin ikkilisiyarsa kashi 25 daga 1819, ya ɗora dikon a kan kowane yanki domin ya san talakawan wurin gida-gida, abin da daga baya ya zama tushen binciken halin mai neman taimako. Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai sun kafa ƙungiyar Vincent de Paul a Paris a 1833, a shekarar ce kuma Johann Wichern ya buɗe gidan yara marasa galihu a Hamburg. Samuel Barnett, limamin Angilikan, da matarsa Henrietta ne suka kafa Toynbee Hall, gidan hidima a unguwar talakawa, a Landan a 1884, can Jane Addams ta ga abin da ta kwaikwaya a Hull House na Shikago a 1889. Ƙa'idoji bakwai na hulɗa da mai neman taimako da har yau ake koyarwa, irin su karɓar mutum yadda yake, ƙin yanke masa hukunci, barin shi ya zaɓa wa kansa, da riƙe sirrinsa, Felix Biestek ne ya tsara su a 1957, shi kuwa limamin Katolika ne na ƙungiyar Jesuit. A jami'ar gwamnati za a koya maka ƙa'idojin, ba lalle a faɗa maka ko wane ne shi ba.

Bayan tarihi sai tauhidi. Darasi mai kyau zai ɗauki Farawa 1:27, cewa an halicci mutum cikin siffar Allah, ya tambaye ka me wannan ke nufi in mutumin da ke gabanka uba ne da ya daki ɗansa. Zai duba dokar kala a Littafin Firistoci 19:9-10, inda aka hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya nuna maka cewa wannan tsari ne da ya ba talaka haƙƙi, ba sadakar ganin dama ba. Zai karanta Ayyukan Manzanni 6 a matsayin rikicin rabon abinci tsakanin rukuni biyu na masu bi, wanda aka warware ta hanyar naɗa mutum bakwai. Makarantun Katolika suna ƙara koyarwar Paparoma kan zamantakewa, daga wasiƙar Leo na 13 ta 1891 kan haƙƙin ma'aikata zuwa ta Pius na 11 a 1931, wadda ta bayyana cewa abin da iyali ko unguwa za su iya yi wa kansu, kada babbar hukuma ta ƙwace musu. Wannan ƙa'ida tana da amfani ƙwarai ranar da za ka yanke shawara ko a raba yaro da danginsa.

Sai dai "jami'ar Kirista" ba abu ɗaya ba ne. Tsofaffin makarantun Katolika, irin na Loyola a Shikago da aka fara a 1914, suna ɗaukar kowa, kuma addini ba ya yawan fitowa fili a aji. Kwalejojin Ibanjelika galibi suna sa malamai su sa hannu a takardar bangaskiya, ɗalibai su bi dokar zaman makaranta, wasu har halartar sujada dole ne. A Jamus kuwa akwai manyan makarantun koyon sana'a na Furotesta da na Katolika da gwamnati ta amince da su, masu alaƙa da Diakonie da Caritas, ƙungiyoyin hidima na coci da suke cikin manyan masu ɗaukar ma'aikatan wannan fanni a ƙasar. Don haka nemi jadawalin darasin da aka ce yana haɗa bangaskiya da aiki, ka karanta shi mako-mako. In ka ga aya ɗaya a saman shafi, sauran kuma abin da ke kowace makaranta ne, to ado ka saya.

Raunin wannan hanya iri uku ne. Kuɗinta yakan fi yawa, tunda makarantar mai zaman kanta ce, albashin sana'ar kuwa ba mai kauri ba ne, bashin karatu zai iya bin ka shekaru. Na biyu, idan sashen ƙarami ne, mai malamai uku ko huɗu, yakan tura ɗalibai horo a ƙungiyoyin coci kawai, sai mutum ya gama bai taɓa shiga kotun iyali ko asibitin masu taɓin hankali ba. Na uku, makarantar tana da iyayen gida biyu, ɗarika da hukumar sana'a, kuma ba kullum suke jituwa ba. Makarantar Carver da ke cikin makarantar tauhidin Baftis ta Louisville a Amurka ta samu amincewar CSWE a shekarun 1980, amma a 1995 saɓani kan sharuɗɗan ɗaukar malamai ya sa aka sauke shugabarta Diana Garland, a 1997 kuma aka rufe ta. Garland ta koma Jami'ar Baylor, inda makarantar wannan fanni ke ɗauke da sunanta yanzu. Ba laifi ka tambayi wa ke da ta cewa kan ɗaukar malamai, da ko an taɓa yi wa kwas ɗin gargaɗi.

Jami'ar da ba ta addini ba

Ƙarfinta a fili yake: malamai da yawa, bincike, da tsohuwar alaƙa da ofisoshin gwamnati inda aiki mafi nauyi yake. A ajinka za ka zauna da Musulmi, da wanda bai yarda da Allah ba, da wanda coci ta taɓa ɓata masa rai, kuma irin waɗannan ne za ka yi wa aiki har ka yi ritaya. Gara ka koyi magana da su tun kana da malamin da zai gyara ka.

Wahalarta ma a fili take. Batutuwan zubar da ciki, auren jinsi, saki, ba matasa maganin hana ɗaukar ciki da yanke shawarar ƙarshen rayuwa za su taso, kuma ra'ayin da ya rinjayi aji ba lalle ya zama naka ba. Abin da ƙa'idar sana'a ke nema shi ne kada ka nuna wa kowa bambanci a hidima, kada kuma ka ɗora masa aƙidarka. Ba ta ce ka daina gaskata abin da ka gaskata ba. Amma iyakar tana da santsi. Felix Ngole, ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Sheffield ta Ingila, an cire shi daga kwas a 2016 saboda abin da ya rubuta a Facebook kan auren jinsi. A watan Yulin 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jami'ar ta yi kuskuren ɗaukar faɗin ra'ayin addini daidai da nuna bambanci, ta ba da umarnin a sake sauraron maganar. Ya yi nasara, amma bayan shekara uku na shari'a. Abin ɗauka a nan na aiki ne: karanta dokar makaranta kan cancantar ɗalibi ga sana'a tun makon farko, ka ɗauka cewa duk abin da ka rubuta a intanet wanda kake taimaka wa zai iya gani, kuma a rubuce-rubucen nazarin kai da ake yawan ba ɗalibai, faɗi matsayinka da gaskiya sannan ka nuna dalla-dalla yadda za ka yi wa mai saɓanin ra'ayinka cikakkiyar hidima. Abin da mai duba takardar ke nema ke nan.

Haɗa bangaskiya da aiki a nan ya zama nauyinka. Ana iya yinsa. Ƙungiyar NACSW ta Kiristoci masu wannan sana'a, wadda ta samo asali a 1950, tana karɓar ɗalibai kuma tana buga mujalla. Rubuce-rubucen Alan Keith-Lucas kan yadda ake ba da taimako da yadda ake karɓarsa har yanzu ba su tsufa ba. Mafi muhimmanci, samu wani Kirista da ya shekara goma a aikin, ku riƙa zama ko sau ɗaya a wata. Fastonka zai yi maka addu'a, amma ba lalle ya san abin da doka ta ce kan rahoton cin zarafi ba. Kuma kada ka zaci an kori addini daga waɗannan azuzuwa. Ƙa'idojin CSWE sun lissafa addini da ruhaniya cikin abubuwan da dole ɗalibi ya iya aiki da su, kuma masana irin su Edward Canda da David Hodge sun tsara hanyoyin tambayar mutum game da imaninsa ba tare da tura shi ko'ina ba.

Gwajin da ya fi kowane

Ko ina ka nufa, akwai tambayoyi uku da za ka yi wa malami ko tsohon ɗalibi, amsarsu za ta gaya maka fiye da abin da takardar talla za ta faɗa.

Ta farko: in wanda nake taimaka wa ya ce in yi masa addu'a fa? Amsa mai kyau za ta duba wa ya fara kawo maganar, me dokar ma'aikatar ta ce, da ko mutumin yana jin cewa tallafinsa ya rataya a kan faranta maka rai. Matar da ke jiran rahotonka kafin a mayar mata da 'ya'yanta ba za ta iya ce maka a'a ba, saboda haka ba kai za ka fara tayi ba. In ita ta roƙa, za ka iya barin ta ta yi addu'ar kana zaune cikin natsuwa, ko ka haɗa ta da shugaban addininta, sannan ka rubuta abin da ya faru a fayil ka kuma gaya wa mai kula da horonka. Malamin da ya ce "kullum ka yi" da wanda ya ce "kada ka kuskura" duk sun gudu daga tambayar.

Ta biyu: in mai neman taimakon ɗan ikkilisiyarmu ne fa? Nan sirri ke yoyo, galibi da kyakkyawar niyya, ta bakin "mu sa 'yar'uwarmu a addu'a, tana cikin matsala da mijinta". An fallasa ta ke nan. Horon ƙwarai zai koya maka ka miƙa irin wannan aiki ga wani abokin aiki in da hali, in babu kuma ku yi yarjejeniya tun farko kan abin da zai tsaya a ofis.

Ta uku ita ce mafi nauyi: in yaro ya ce wani dattijon coci yana lalata da shi, shugabanni kuma suka ce a sasanta a cikin gida bisa Matiyu 18 fa? Amsa ɗaya ce. A inda doka ta wajabta kai rahoto, za ka kai, cikin lokacin da ta ƙayyade, ba tare da ka fara yi wa wanda ake zargi tambayoyi ba, domin hakan yana ba shi damar tsorata yaron ko ɓatar da shaida. Horon ikkilisiya ba ya maye gurbin binciken hukuma. Makarantar da ta yi inda-inda a nan, ko sunan wane waliyyi ne a ƙofarta, ka wuce ta.

Makarantar tauhidi da digiri biyu a haɗe

A tsarin Amurka, digirin tauhidi na fastoci shekara uku ne bayan digiri na farko. Zai ba ka Littafi Mai Tsarki, wa'azi da kiwon garke, amma ba zai ba ka rajista ko lasisin jami'in jin daɗin jama'a ba. In burinka ka zama limamin asibiti ko na gidan yari, wannan hanyar ce taka, tare da horon musamman a gefen gadon marasa lafiya, wanda a tsarin Amurka kowane zangonsa awa 400 ne, kuma zango huɗu ake nema don cikakkiyar shaida.

Wasu makarantu suna haɗa biyun. Maimakon shekara uku na tauhidi da biyu na aikin jin daɗin jama'a, sai a gama cikin huɗu. Baylor tana yin haka da makarantar tauhidinta ta Truett, makarantar tauhidi ta Princeton kuma da Jami'ar Rutgers. Ya dace da wanda zai shugabanci sashen hidima na ɗarika ko ya tafiyar da gidan marayu na coci. Ga sauran mutane, taura biyu ce a baki ɗaya. Mai digiri biyun kuma dole ya riƙa faɗa wa wanda ke gabansa da wace hula yake zaune yau, domin abin da fasto zai iya faɗa ba shi ne abin da jami'i zai iya faɗa ba.

A ganinmu, wanda ya tashi cikin ikkilisiya mai koyarwa sosai, yana da dattawan da zai koma wa, kuma yana son aikin kare yara, kotu ko asibiti, jami'ar gwamnati ta fi masa. Wanda bangaskiyarsa ke da zafi amma bai taɓa zama ya yi tunanin yadda za ta haɗu da doka da kimiyya ba, ko wanda zai yi aiki a ƙungiyar coci, zai fi cin ribar jami'ar coci, muddin an tantance ta kuma aƙalla zango ɗaya na horonsa a ma'aikatar gwamnati zai kasance. Ana kuma iya raba ƙafa: a Amurka mai digiri na farko daga kwas da aka tantance yana iya gama na biyu cikin kusan shekara ɗaya maimakon biyu, don haka mutum zai iya yin ɗaya a nan, ɗaya a can. Wanda ya riga ya karanta tauhidi ma ba sai ya koma farko ba, digiri na biyu na shekara biyu yana karɓar masu digiri daga wasu fannoni.

Lissafa lokacin horo kafin ka sa hannu. Awa 400 na nufin kwana biyu cur a mako har mako 25, galibi ba albashi, kuma da rana ne, lokacin da ofisoshi ke buɗe. Tambayi wa ke nemo wurin horon, kai ko makaranta. Tambayi ko mai kula da kai a can yana da digirin sana'ar da aƙalla shekara biyu a bakin aiki, da ko zai zauna da kai kowane mako. In kana tunanin aikin mishan ko ƙaura zuwa wata ƙasa, ajiye jadawalin kowane darasi da takardar da ke nuna awannin horonka da sa hannun mai kula da kai, domin hukumomin da ke auna digirin waje waɗannan takardu suke nema, kuma samo su daga makaranta bayan shekara goma ba ƙaramin aiki ba ne.